Ƙorafi Kan Sallamar Mijina Labaran Alhali Hayaƙi Ya Ƙona Masa Maƙogwaro

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Asibiti,
Umdurman.

Daga:
Mawahib Ladan,
Alsawra, Hara ta Takwas.

14 ga Nuwamba, 2022

Game da: Sakacin sashen gaggawa a kan Labaran Sharfuddeen

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 23 ga Oktoba da safe, tukunyar gas ta fashe a gidan burodin da mijina yake aiki. Ya daɗe cikin hayaƙi kafin a ɓalle ƙofa. Muka kawo shi asibitinku muryarsa a dishe, gashin hancinsa a babbake, yana tofar da baƙar majina.

2. Likitan da ke bakin aiki ƙunar da ke hannun mijina kawai ya duba. Ya sa aka naɗe ƙunar, ya ce ƙarama ce, ya sallame mu. Ko baki bai ce ya buɗe ba. Na ce masa ba haka muryar mijina take ba, ya ce in ba shi shayi.

3. Da la'asar numfashinsa ya koma kamar fito. Muka dawo a rakisha, babur mai ƙafa uku. Lokacin maƙogwaro ya riga ya kumbure, bututun numfashi ya ƙi shiga, sai da aka huda wuyansa. Likitan da ya huda ya ce iska ta daɗe ba ta kai ƙwaƙwalwa ba.

4. Rahoton da ofishinka ya ba ni ranar 9 ga Nuwamba ya ce iyali ne suka makara kawo majinyaci. Wannan ƙarya ce, ranka ya daɗe, kuma da hatiminka a kanta. Ba mu makara ba. Korar mu aka yi.

Labaran yana raye. Yana kwance a ɗaki, idonsa biyu, 'yarsa Husna tana kiransa Baba, shi kuwa yana kallonta kamar baƙuwa.

Don haka ina neman a binciki likitan da ya sallame mu, a goge ƙaryar da aka yi mana, a kuma hana sallamar duk wanda ya shaƙi hayaƙi sai an leƙa maƙogwaronsa an kwantar da shi.

Ba na neman ban haƙuri a takarda. A turo likitan zuwa gidanmu ya yi wa Labaran bayani da bakinsa. Zai same shi. Ba ya zuwa ko'ina.

Da ladabi da girmamawa,
Mawahib Ladan