Tambayoyin da Balkisu Ta Bari a Wayata

Zuwa ga shugabannin kamfanin da ke da manhajar binciken da na tarar a cikin wayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Ban san sunayenku ba, ban kuma san ko akwai mai jin Hausa a ofishinku ba. Na nemi inda zan kai muku kuka a cikin wayar, duk inda na taɓa sai Turanci da 'yan akwatunan da maganata ba ta shiga cikinsu. Shi ya sa na rubuta a fili.

Ni malamin firamare ne a Tambuwal. Matata Balkisu 'yar Kebbe ce, tana ɗinkin kayan mata a cikin gida. Allah Ya yi mata rasuwa kafin azumin da ya wuce, bayan ta yi fama da ciwon daji na nono. Ta bar mini yara uku. Ban zo in ce ku kuka kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare. Amma akwai abin da ya gudana tsakaninta da manhajarku wanda ban sani ba sai bayan sadakar arba'in, kuma tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

Wayarta ƙarama ce mai maɓallai, tawa ce babba. In zan tafi sallar La'asar nakan bar mata tawa ta duba sababbin salon ɗinki, domin daga masallaci nakan tsaya hira har kusan Magariba. Mun fi shekara biyu a haka.

Da na koma aiki bayan rasuwarta, wata rana ina ofishin malamai ina shirya darasin 'yan aji biyar. Na buɗe wurin bincike zan tambayi me ke kawo ruwan sama. Harafin farko kawai na danna, sai wani layi ya sauko da kansa: "mi ka kawo ƙullutu ga nono ba ciwo." Ni ba haka nake rubutu ba, aikin koyarwa ya saba mini da Hausar littafi. Wannan bakin Balkisu ne. Da rana tsaka, mutane na kai da kawo, na ji muryarta kamar tana tsaye a bayana.

Na lalubo inda kuke ajiye tarihin bincike. Komai na nan, da ranarsa da lokacinsa, duk tsakanin La'asar da Magariba. Ta fara tambayar ku tun farkon damina. Ni kuwa ba ta gaya mini ba sai lokacin yankan gero, sa'ad da wurin ya fashe, ɓoyo ya gagara. A tsakani ta tambaye ku ko yana warkewa ba tiyata. Ta tambaye ku ko yaro na iya ɗauka ta wurin shan nono. Sau uku, a ranaku daban-daban, ta rubuta: "ƙaƙa a ka gaya ma miji," wato yaya ake gaya wa miji. Kuma kullum bayan irin waɗannan sai ta nemo hoton wata riga, don in na dawo shi zan tarar a fuskar wayar.

Ga abin da nake kuka da shi.

Na farko, ba ku taɓa gaya mana da harshen da muke ji cewa kuna ajiye abin da muka rubuta ba. Ranar da na sayi wayar, mai shago ya danna "na yarda" a kan dogon rubutun Turanci ya miƙo mini. Balkisu ta ɗauka in ta rufe shafi magana ta wuce. Macen da kunya da tsoro suka hana ta gaya wa mijinta, ta gaya wa akwatinku ne don tana zaton babu kowa a bayansa.

Na biyu, kun san ciwon matata wata da watanni kafin ni, kuma abin da kuka yi da sanin shi ne talla. A cikin daminar nan na fara ganin tallar asibitocin ƙasar waje da na maganin narkar da ƙari. Na nuna wa abokan aikina muka yi dariya, na ce wayata ta ɗauke ni mace. Na koma gida na maimaita wa Balkisu wannan barkwancin. Tana kan keken ɗinki, ƙafarta ba ta tsaya ba, ba ta kuma ɗago kai ba. Cewa kawai ta yi, "To, Malam, ai waya ba ta da hankali." Na yi dariya na wuce ɗaki. Wannan dariyar ba ta bar ni ba har yau. Ina cikin aji ina rubutu a allo sai in ji ta a kunnena, in tsaya da alli a hannu har yara su fara kallon juna.

Na uku, da ƙanwarta ta zo kwashe kayan ɗinki, mun tarar da kwalaben magani shida a ƙasan kwandon ƙyallaye, biyar babu komai a ciki. Na rubuta kalmominta kamar yadda ta rubuta su a manhajarku, sai ga hoton kwalbar nan a can sama, gaba da duk wani bayanin likita. A gefensa akwai wata 'yar kalmar Turanci, ƙarama ƙwarai, wadda ke nuna cewa biya aka yi aka sa shi a wurin. Balkisu ta tsaya a aji shida. Ita a ganinta abin da ya zo farko shi ne amsa. Likitan da ya duba ta a Sakkwato ya tambaye ni me ya sa muka daɗe ba mu zo ba. Ko da ta je da wuri, Allah ne kaɗai Ya san yadda za ta kasance. Amma watannin nan a kan kwalaben nan suka tafi.

Na huɗu, har yau tallar ba ta daina zuwa ba. Mai ciwon tana kabari, ku kuna ta nemo mata magani. Makon jiya babbar 'yata Hauwa, mai shekara goma sha ɗaya, ta karɓi wayar za ta yi aikin makaranta. Ta dawo da ita tana nuna mini allo, ta ce, "Baba, wanga ba maganin ciwon Inna ba ne? Don mi ba mu sai mata ba?"

Yanzu na sauke wata manhajar bincike da aka ce ba ta ajiye tambayoyin mutum, da ita nake aiki, da ita yara ke aiki. Ko gaskiya ne ban sani ba, na daina yarda da abin da ba na gani. Na kuma gano inda ake goge tarihin da ke wurinku. Sau da yawa na kai yatsa na janye. Balkisu ba ta bar wasiƙa ba, ba ta bar littafi ba. Layukan nan su kaɗai ne rubutunta da ya rage mini, kuma ba ni ta rubuta wa ba.

Saboda haka ina roƙon ku, da girmamawa. Ku rubuta da Hausa mai sauƙi, a daidai wurin da ake yin tambaya, cewa ana ajiye abin da aka rubuta. Ku daina bin mutum da talla saboda ya tambayi wata cuta. Idan tambaya ta shafi ciwo mai kisa, kada mai sayar da kwalba ya riga asibiti fitowa komai ya biya. Ku tuna cewa a garuruwanmu waya ɗaya gida guda ke amfani da ita, abin da kuka nuna wa ɗaya kun nuna wa kowa. Sannan ku ba ni hanyar da zan riƙe kalmomin matata a wurina, ku kuma ku share naku kwafin, ku tabbatar mini da kun share.

A hutun da ya wuce na kai yaran can Kebbe wurin kakarsu, mahaifiyar Balkisu. Da zan taso ta rako ni har zaure, ta riƙe bakin rigata ta tambaye ni ko 'yarta ta daɗe da sanin ciwon. Na ce mata Allah ne masani. Ta dube ni ta sake ni. Daga Kebbe har Tambuwal ina bisa babur ina tunanin cewa a duniyar nan amsar tana wurin mutum biyu ne kawai, ni da ku, kuma na ɓoye wa tsohuwar da ta haife ta.

Allah Ya ba ku ikon gyarawa. Allah Ya tsare iyalanku, kada ɗayanku ya san ciwon matarsa ta hanyar talla. Allah Ya ji ƙan Balkisu, Ya haskaka kabarinta.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin firamare,
Tambuwal, Jihar Sakkwato.