Manton da Na Ɗinka wa Lambata a Wuya

Zuwa ga ƙanena Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, a duk ƙasar da za ta same ka. Na rubuta ta a fili inda kowa zai gani, domin wayarka a kashe take tun shigowar sanyi. Wataƙila wani ya karanta ya gaya maka.

Jiya wani baƙo ya kira ni da mantonka, babbar rigar sanyin nan, a jikinsa. Zan zo kan wannan.

Ka tuna littafin da ka tsinta cikin kwalin kayan sadaka a Porte de la Chapelle, can Paris? Lokacin ka gaji da bin layin neman takardun zama a Bobigny, ka sa Ingila a ranka, ka ce sai ka koyi Ingilishi. Allah ya haɗa ka da littafin karin maganar Ingilishi, amma fassararsa duk da harshen Cek. Na yi maka dariya har da hawaye. Ɗan Maraɗi da Faransancinsa ma da ƙyar yake tafiya, wai zai koyi harshen da bai sani ba da harshen da bai taɓa ji ba.

Sai ga shi a labon da nake aiki, wato ɗakin gwaje-gwaje a Saint-Fons kusa da Lyon, akwai Madam Yana, 'yar ƙasar Cek. Ran Lahadi ka turo mini hoton shafi, ran Litinin ta yi mini bayani da Faransanci muna cin abinci, ni kuma in kira ka in juya maka da Hausa. Ɗan tela ba ya ɓuya, babin tufafi ka liƙe wa.

Mutanen Ingila in suna so ka ji abin da wani ke ji, sai su ce ka shiga takalminsa. Mutanen Cek kuwa fatarsa suke cewa ka shiga. Ka ce na Cek sun fi gaskiya, domin tun da ka zo Faransa cikin takalman wasu kake yawo, kuma ba ka taɓa jin komai ba sai matsi.

Da muka zo kan tsuke bel, wanda duka biyun ke faɗa in rayuwa ta yi tsanani, ka ce ramukan naka bel ɗin sun ƙare, ka huda sabo da ƙusa. Na yi dariya a wayar. Da na ajiye ban iya cin abincin ranar ba.

Akwai kuma na mutumin da zai tuɓe rigar jikinsa ya bayar. Madam Yana ta ce su ma suna da shi, rigarsa ta ƙarshe suke cewa. Na ce mata ni ba sai an fassara mini wannan ba, a ɗaki ɗaya muka tashi da shi. Inna ta sha faɗa cewa in an ɗinka wa Lawali rigar Sallah, a jikin ɗan maƙwabta za a ga ta yi yawon Sallah.

Na zo Paris na roƙe ka ka biyo ni Lyon, ka ƙi, wai kada zamanka ya taɓa takarduna. Sai na sayo maka manto baƙi mai kauri, na rubuta lambar wayata a farin ƙyalle, na ɗinke a cikin wuyansa da irin ɗinkin Baba. Ka kalli ɗinkin, ka kalle ni. Mun san dalili, ba wanda ya furta. Masu ɓuya cikin kamiyo, manyan motocin kaya, don su tsallaka teku, in ajali ya riske su, wani lokaci tufafinsu kaɗai ke faɗin ko su waye.

To jiya sai ga wata murya ta ce a wuyan manto ta ga lambata. Na jingina da bangon labo ina salati, ina jiran a ce asibiti ne ko 'yan sanda. Ashe wani saurayi ne ɗan Sudan. Da guntun Faransancinsa ya ce ka same shi yana rawar sanyi a wajen Calais, bakin tekun da ake tsallakawa Ingila, ka tuɓe ka ba shi. Godiya ya kira ya yi. Na tambaye shi yaushe, ya kasa tunawa. Na tambaye shi ina ka nufa, bai sani ba.

Lawali, haushinka nake ji, kuma tsoro ya fi haushin yawa. Ka san abin da ke wuyan manton nan. Yanzu kana yawo cikin wannan sanyi, ba komai a jikinka da zai nuna kai ƙanen wata ne. Ran Juma'a Inna za ta kira, kuma kai za ta fara tambaya.

Na ba Madam Yana labari. Ta tuna mini da karin maganar da ke shafin ƙarshe da ka turo: su a wajensu riga ta fi manto kusa da jiki, wato naka shi ne farko. Na ce mata mu kuma ɗan'uwa rigar ƙaya ne. Tana suka, amma ba ta tuɓuwa.

Da na tashi aiki na sayo singileti da dama, na zauna na ɗinka lambata a kowace ɗaya. Singileti dai ba wanda zai roƙe ka, ko da yake kai ba sai an roƙe ka ba. Suna nan a ninke kan kujera. Ka faɗi inda zan aiko su. In ba ka da kuɗin waya, ko bip ɗaya ka yi mini, ka kira ka katse, zan san kai ne.

Allah ya tsare mini kai a tudu da ruwa. Allah ya suturta ka yadda ka suturta ɗan mutane, ya sa muryar da zan ji nan gaba taka ce.

Yayarka da ba ta kashe waya,
Rakiya