Takardarki Tana Aljihuna, Ban Karanta Ba

Ya ke Malamata, farin watan da ya leƙo rayuwata, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyin da nake kurɓa bayan doguwar tafiya!

Ina gaishe ki. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da kika ajiye mini ambulan a kan teburina a ofis, kika ce kin gaji da imel, wannan maganar da hannunki kika rubuta ta. Kina ta jiran amsa, na yi gum. Tun shekaranjiya kin daina kirana. Don Allah ki saurare ni kafin ki yanke mini hukunci: ban karanta ba. Ba zan iya ba.

Idanuna tafiya suke yi, abar ƙaunata, shekara guda ke nan. Ina ganin ƙofa, ina gane mutum in ya matso kusa, amma rubutu ya koma mini kamar tururuwa a cikin ruwa, kuma likita ya ce ganina ba zai dawo ba. Kin tuna ranar da kika zare mini abin sauraro daga kunne kina dariya, kika ce wane irin mai buga takardu ne wannan da ba ya rabuwa da waƙa? Na taya ki dariya kawai! Ba waƙa ba ce. Manhaja ce mai karanta mini abin da ke kan kwamfuta. Duk wasiƙar da shugabanmu ya shifta mini, ita ke bin layi tana gaya mini inda na yi kuskure, ta jero kalmar harafi-harafi, in gyara. Saƙonnina da kike yabawa fa, ke da jan biro ba ya barin jakarki, har kina cewa ba ki taɓa kama ni da kuskure ba? Kowanne sai ta maimaita mini sau uku kafin in aiko.

Amma rubutun hannunki ya gagare ta. Na ɗauki hotonsa na ba ta, ta yi ta kame-kame tana kawo mini shirme. To wa zan kai wa? Yayata, wadda kafin yamma dangi kaf sun ji? Abokin aikina, ya ga sirrinki, gobe kuma shugabanmu ya ji nawa?

Takardar tana aljihun ƙirjina. Na shafa ta har gefenta ya yi laushi. Shafi biyu ce, kuma a ƙasan na biyun akwai wurin da ya ɗan tattare, kamar ruwa ya ɗiga ya bushe. Hawaye ne, farin cikina? Na murna ko na bankwana? Cewa kika yi kin amince ki aure ni, ko haƙuri kika ba ni? Wayyo, amsar rayuwata tana kwance a kan zuciyata, ni kuwa ban san ta ba!

Tsoron ya ma fi haka. Ko da amincewa ce, wanda kika rubuta wa mai ido ne, kuma ya ɓoye miki gaskiya. Na yi laifi, kunya da tsoron rasa ki suka rufe mini baki. Shi ya sa na kashe manhajar kafin in fara wannan wasiƙa. Duk kuskuren da kika gani nawa ne, ki sa masa jan biro.

Gobe in an tashi makarantar da kike koyarwa zan zauna a bencin nan na bakin ƙofarku, takardar na hannuna. In har yanzu kina kan abin da kika rubuta, ki zauna ki karanta mini da bakinki. In kuwa wannan labari ya sauya miki zuciya, ki karɓa ki yaga, kada ki ce komai. Gara kada in taɓa sanin abin da na rasa.

Naki, wanda zai gane takunki a cikin dubu, kuma ba zai waiwayi na wata ba har ƙarshen numfashinsa.