Aljihuna a Hanjin Nimr

Litinin, 4 ga Fabrairu, 2019
Shekara sittin da tara ke nan da ƙanƙara ta rufe Galili har ta karya mana rassan zaitun. Tun daga lokacin na san duk ciwon da ya taɓa kwantar da wani a ƙauyen nan, gida-gida. Ban yi makaranta ba, rubutun ma a wurin gini na tsince shi, amma kaina bai zubar da komai ba. Ba wanda ya taɓa yin abin da aka ce ɗana Nimr na yi. Wai aljihuna ne suka fito masa a hanji, ɗaya ya ɗuri ruwa. Ƙarya. Wannan ciwon Yahudawan Turai ne.

Laraba, 6 ga Fabrairu
Asibiti a Haifa. Na faɗa wa likitar haka. Ta ce, "Da can ne, Baba. Yanzu Larabawa ma na cika mana gadaje." Ta ce in ciwon ya sake tashi, sai an yanke hanjin.
Ta tambayi me na ci na girma. Burgul, wato ɓarzajjiyar alkama, adas mai kama da ƙananan wake, ganyen daji, gurasar alkama da dusarta. Ta dubi Nimr: "In ka warware, ci abin da tsohonka ya ci." A gaban matarsa! Na fito ko sanda ban dogara ba.

Alhamis, 7 ga Fabrairu
Zalman, tsohon abokin ginina, Bayahuden Turai, ya bugo waya. Shi tuni aka yanke nasa hanjin.
"Abu Nimr, barka da shigowa dangi! Shekara nawa kana min dariya?"
Na ce, "Ku kuka shafa mana, da farin burodinku."
"To wa ke cika jaka da shi duk Alhamis ya kai wa yara?"
Na kashe wayar. Tsufa ya ruɗa shi.

Asabar, 9 ga Fabrairu
An sallamo Nimr. Romo kawai. Ya rame.

Lahadi, 10 ga Fabrairu
Suhaila matar Nimr ta ce, "Baba, koya min burgul irin na da, ba na leda ba." Na buɗe baki. Dafa alkamar ake fara yi ko shanya? Kwana nawa a kan soro? Marigayiya matata ce ke yi, nawa ci. Na ce yau na gaji.
Yayata Zarifa ta sani. Ita da na kira baƙauyiya ranar da na rushe tanderunmu na gina wa mota ɗaki, ta ƙi rushe nata. Za ta yi magana. Ta yi ta yi.
Gobe da sassafe zan saɓa buhun alkama in je wurinta. Ba roƙo ba. Gaisuwa.