Langar da Na Kai Gidan Doreen

Deptford, Landan
Nuwamba, 1975

Zuwa ga Yayata Luba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar nan taki da ke kumbura? Mu nan sai godiya. Lawal yana gaishe ki, ko da yake ni uwarsa ma sai ranar Lahadi nake ganinsa. Karatu ya riƙe shi can Aldwych, in ba karatu ba kuma taron abokansa masu cewa duk ma'aikatan duniya uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Kin ce in dawo gida tunda mai gidan ya rasu, wai kuɗin fetur ya sa ko mai tallan goro ya sayi babur a Kano. Yaya, na yi wa marigayi alkawari ba zan tafi ba sai yaron nan ya gama. Aikin gidan wankin nan shi ke riƙe da mu. Zannuwan gadon otal muke wankewa. Mu baƙar fata muna ɗakin guga, inda tururi yake kamar bakin murhu. Turawa suna ɗakin ninki, mai taga da rediyo. Haka na tarar, ban tambaya ba.

Amma ina da labari mai daɗi: na yi ƙawa. Sunanta Doreen, Baturiya ce, sa'ata, a ɗakin ninki take. A yajin aikin farkon shekarar nan, da muka tsaya gaba ɗaya a bakin ƙofa har aka ƙara albashi, ita ce ta ga hannuna yana rawa don sanyi, ta cire safar hannunta ɗaya ta ba ni. "Sista" take ce mini, yadda 'yan yuniyan, wato ƙungiyar ma'aikata, ke kiran juna.

Makon jiya mijinta ya rasu. Na tambayi Angelina Bot, 'yar Jos da muke guga tare, yaushe za a je zaman makoki. Ta ce, "Haba Mama, nan kati ake aikawa, ba a zama." Raina bai kwanta ba. Kati ne zai zauna da mutum? Na soya ƙosai, na cika langar nan mai furanni da Inna ta ba ni, na je. 'Yarta ta buɗe ƙofa tana kallona kamar na ɓata hanya. Na shiga, na sami gefe na zauna shiru, don ban san yadda ake ta'aziyya da Turanci ba. Kwana uku ina zuwa bayan aiki. A na ukun Doreen ta matso kusa da ni, ta kama hannuna ta yi kuka mai isarta. Langar na bar ta can, kin san ba a tambayar kwano a gidan rasuwa.

Tun da na rasa mai gidan, ranar ce na fara jin ina da wani a garin nan.

Ki gaida Malam da kyau.

Ƙanwarki,
Shafa'atu


Deptford, Landan
Fabrairu, 1976

Yaya Luba,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗin jin ƙafar ta saɓe, Allah Ya ƙara sauƙi. Ni lafiyar jiki akwai ta.

Ki sa mu a addu'a. Gurbi ya samu a ɗakin ninki, Angelina ta nema, don ta fi kowa daɗewa a gidan kuma tururi ya taɓa mata ƙirji. Sai aka ɗauko wata yarinya Baturiya daga waje. Angelina ba ta da haƙurina. Ta je ta faɗa wa manaja abin da kowa ya sani ba ya faɗa, kafin la'asar an sallame ta.

Muka je wurin wakilin yuniyan, Mista Frank, mutumin da bara ya hau akwati yana cewa wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Ya ba mu kujeru, ya kira mu sista, ya ce maganar launin fata raba kan ma'aikata take yi, mu bar ta sai lokaci ya yi. Da muka matsa, aka tara kowa a ɗakin cin abinci, aka ce mai son a tafi yaji ya ɗaga hannu. Na ɗaga nawa, na waiwaya. Doreen tana neman wani abu a jakarta. Ba ta same shi ba har aka gama ƙirga.

Mu 'yan ɗakin guga muka fita yaji mu kaɗai. Lawal ya zo da abokansa Turawa da jaridunsu. Wani mai dogon gashi ya yi ta bayyana mana cewa abokin gabarmu mai jari ne, ba launi ba. Angelina ta ce, "To ɗan nan, mai jarin ne ya ƙi ɗaga hannu?" Lawal ya sunkuyar da kai. Na ji tausayinsa.

Manaja ya ce wadda ba ta koma ba kafin ƙarshen wata, ta bar aiki ke nan. Na tuna karatun Lawal. Amma na ɗaga hannu a gaban jama'a, Yaya, ban ga bambancinsa da alkawari ba.

Tun ranar taron Doreen ba ta zo ba, an ce mura ce. Litinin za ta dawo. 'Yan ɗakin ninki suna jin maganarta. In ta tsaya da mu, wasu za su tsaya. Angelina ta ce in daina mafarki. Ni dai na ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma wadda ta yi kuka a hannunka ba za ta wuce ka a bakin ƙofa ba.

Taki,
Shafa'atu


Deptford, Landan
Afrilu, 1976

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Ki yafe mini jinkirin amsa, hannun ne ya yi nauyi.

Doreen ta zo ranar Litinin ɗin. Na hango ta tun daga tashar bas da ƙunshi a hannu, ta nufo ni kai tsaye, har na fara matsa mata wuri. Ta miƙo mini ƙunshin, ta ce in yi haƙuri, ita kaɗai ce yanzu ba miji. Ta shige ciki. Sauran suka bi ta.

Langata ce. Tun kafin in buɗe na ji ba nauyi. An wanke ta tas, har baƙin gindinta an kankare. Ko ƙwayar sukari babu.

Angelina ta ce Turawa ba su san ba a mayar da kwano haka nan ba. Gaskiya ne, kuma na bincika zuciyata, ban riƙe Doreen da wannan ba. Uzurinta ma na gane, ni ma ba ni da miji. Sai dai bara, da abin ya shafe su, ba wanda ya tambaye ni uzurina.

Aikin ya tafi, namu duka. Yanzu ina sharar ofisoshi a wajen Charing Cross, ina gamawa kafin masu ofis su zo. Wata rana sai na dawo gida nake lura ban yi magana da kowa ba sai a salla. Lawal ya daina zuwa taron nasu, ban tambaye shi dalili ba.

Na haɗu da Doreen a kasuwa. Malaminmu na allo ya hana mu ƙaurace wa mutum fiye da kwana uku, ban kuma tuna ya ce ban da Bature ba. Na gaishe ta. Ta juya tana taɓa tumatir.

Sai na tuna safar hannunta tana akwatina. Kayanta ne, ba na son in tashi da shi ranar gobe. Na wanke, na shanya, na kai unguwarsu. A bakin ƙofar na kasa mayar da ita ba komai a ciki, Yaya, ba haka Inna ta koya mana ba. Na koma na sayi dabino, na cika safar da shi, na rataye mata a hannun ƙofa. Ban ƙwanƙwasa ba.

Ki gaida Malam da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Shafa'atu