Abin da Lauya Ya Hana Ni Rubutawa

Loretta, hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar da na rasa tun ranar da ƙofar ƙarfen nan ta rufe a bayana,

Wata huɗu ba wasiƙarki, ba muryarki! Kullum in an zo rabon wasiƙu sai in yi zumbur in miƙe, har Curtis, abokin ɗakina, yake min tsiya: "Zauna dalla, tsoho, sai ka ce saurayi!" Haka nan in koma in zauna.

Ranar Talata lauyana Feldman zai tsaya gaban alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara a birnin Cincinnati, ya roƙi a soke hukuncin da ya ce na mai da ƙungiyar direbobinmu gungun 'yan ƙwace, na kuma razana mai ba da shaida. Minti goma sha biyar aka ba shi, Loretta, a kan ɗaurin shekara goma sha huɗu! Ni ko kai ni ba za a yi ba. Idan ya yi nasara, za a sake shari'a tun daga tushe. Shi ya sa ya ja min kunne: duk takardar da ta fita daga gidan yarin nan sai an buɗe ta, kalma ɗaya ta isa ta kashe ni a sabuwar shari'ar.

Kin tuna bakin tafkin Erie, ranar da muka soya kifi ya ƙone, iska na wasa da gashinki kamar zangarniyar alkama? Kika ce, "Wendell, talauci zan iya, ƙarya ce ba zan iya ba." Na yi dariya a lokacin. Wayyo ni, wawa!

Zuwanki na ƙarshe kin dube ni ido cikin ido, kika tambaya ko ni na tura mutane gidan Earl, tsohon direbanmu, don ya yi shiru a kotu. Na rantse miki da kabarin uwata cewa ban tura ba. Kika ɗauki rigar sanyinki kika fita. Ashe kin sani.

To, ga shi da hannuna: ni na tura su. Tsoro na ji, na razana Earl, aminin da ya riƙe min zobe ranar aurenmu, sannan na zo na yi miki ƙarya. Na san abin da layin nan da na rubuta zai jawo min. Amma ina amfanin a buɗe min ƙofa in fito, in tarar da taki a rufe? Gara in tsufa a nan kina zuwa ran Lahadi, ko da zagina za ki yi.

Ki zo, farin watana. Don Allah ki zo. Ina tsoro, ina kewarki.

Kai kuma jami'in da ke karanta wannan kafin ita, yi aikinka, kai wa wanda za ka kai wa. Abu ɗaya nake roƙo: ka bari ta isa hannunta.

Naki, a ciki ko a waje, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Wendell