Fukafukan Manaja

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ya aikin asibiti, ya yara da babansu? Tunda kin ce ba kya samun sauraron saƙon muryata mai minti goma, yau ga shi na rubuta. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni da makaranta.

Yaya na yi ɓarna. Manaja ne, ɗan ƙaramin akun nan na Baba. Kin san tunda ɓarin jikin Baba ya shanye, kullum da safe in na buɗe keji sai Manaja ya tashi fir ya sauka a kafaɗarsa yana ja masa gemu, shi kuma Baba ya kira sunansa. Sunan nan kaɗai ke fita daidai a bakinsa. Kuma sai ya ji shi a kafaɗa yake yarda ya ci abinci ya sha magani.

To shekaranjiya da rana zafi ya yi yawa na kunna fanka, na manta kejin a buɗe yake. Manaja ya tashi, saura ƙiris fankar ta sare shi wallahi, iskar ce ta wurga shi jikin labule. Nan take na shiga waya, sai na ga wata mata a bidiyo tana rage wa nata tsuntsun fukafukai, minti biyu ta gama, har da dariyarta. Na ɗauko almakashin ɗinkin Baba, na naɗe Manaja a tawul na yi yadda ta yi. Sai dai ni na shiga ciki da yawa, kuma gashi ɗaya ina yankawa sai jini. Ni ina na san gashi na jini? A gaban Baba aka yi, yana ta ƙoƙarin magana, ni na ɗauka ruwa yake so.

Na danna da auduga jinin ya tsaya. Jiya da safe Manaja ya yi tsalle daga ƙofar keji kamar kullum, sai tim a kan tayil. Baba ya juya fuskarsa bango. Tun lokacin ruwa kawai yake kurɓa. Mai motsa masa jiki ta zo ya hana ta hannunsa.

Don girman Allah ki faɗa min yadda zan yi. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ki.

Na karanta saƙonki a lokacin hutun rana. Fanka ya kamata ki kashe, amma ba yau zan yi miki faɗa ba. Gashin da ya yi jini sabo ne, bai gama fitowa ba. In jinin ya sake ɓallewa ki danna masa garin fulawa, kuma ki kai shi wurin likitan dabbobi yau. Ki shimfiɗa bargo a ƙarƙashin kejin.

Maganin hawan jinin Baba ba a tsallake shi. In ya ƙi sha zuwa gobe ki kira likitansa. Ba ni da hutu sai ƙarshen wata. Kada ki ƙara yin komai daga bidiyo ba ki tambaye ni ba.

Allah Ya ba shi lafiya. Ki gaishe min da shi.

Yayarki.

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Ni dai ban tashi ba.

Na kai Manaja. Likitan ya buɗe fukafukin ya kalle ni ta saman tabarau, ya tambaya ko da adda aka yi aikin. Ya ce gashin zai fito, amma sai ya zubar da tsohon gashi, wata uku ko ma shida. Wata shida Yaya! Na ce to ko a rage masa farce tunda yana kartar Baba, ya ce in rufa masa asiri, yanzu da farcen nan da baki yake hawa komai.

Kar ki yi fushi, wannan ba daga bidiyo ba ne. Na shiga wani gurup na masu kiwon tsuntsaye na ba da labari, wata baiwar Allah ta ce tana da mai kala irin tasa sak, shuɗi da farin kai. Na aro shi, na ɓoye Manaja a ɗakina, na buɗe keji ina cewa Baba ka ga ya warke. Tsuntsun ya zaga ɗaki ya je ya maƙale a ƙarfen labule. Baba kallo ɗaya ya yi masa ya rufe ido, sai hawaye ta gefen da ba ya motsi. Na mayar mata da abinta.

Magani yanzu sai maƙwabciyarmu ta shigo yake karɓa, daga hannuna ba ya karɓa. Abinci cokali biyu. Likitansa ya ce in aka kai jibi a haka sai an kwantar da shi an sa masa ruwa. Ya rame, zoben hannunsa har zamewa yake. In wani abu ya sami Baba ni ce, Yaya. Ki zo don Allah.

Taki, Auta.

*

Autar Baba,

Amin wa alaikis salam. Na yi musanyar aiki da wata, ina tafe jibi da safe.

A duk saƙonninki ni kike ba haƙuri. Shi kin ba shi? Bakinsa ne ya tafi, hankalinsa na nan, kuma kin yi masa wayon yara. Ki ajiye wayar, ki durƙusa ki faɗa masa abin da kika yi da abin da likitan tsuntsun ya ce. Sannan ki sauko da kejin ƙasa kusa da gadonsa, ki buɗe, ki fita ki bar su.

Ki ci abinci ke ma. Allah Ya yi miki albarka.

Yayarki.

*

Yaya, salam.

Na faɗa masa komai, ina kuka yana kallon bango. Na ajiye kejin na koma bakin ƙofa ina leƙe.

An daɗe. Sai na ga Baba ya kama hannun nan da ya mutu da ɗaya hannun, ya sako shi ƙasa ta gefen gado. Manaja ya tako ya kama hannun riga da baki ya fara hawa. Sau biyu yana zamowa kan bargo. Zuwa yanzu gwiwar hannu ya kai, Baba duk ya haɗa gumi amma bai janye ba.

Ni har yanzu bai kalle ni ba. Ga kwanon abincinsa a hannuna, ban sani ba in shiga ko in jira.

Allah Ya kawo ki lafiya.

Auta.